Maigidana yana sakin sitiyari wai motar ta fi shi iya tuƙi, da gaske ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Dan Allah ka taimaka min da amsa dan wallahi abin nan ya hana ni sukuni. Maigidana ya sayi motar lantarki wata 5 da suka wuce, irin wadda ake cewa tana tuƙa kanta. Farko-farko yana riƙe sitiyari, yanzu kuwa da mun hau babbar hanya sai ya danna wani abu ya saki hannu ya ɗauko waya, wani lokacin ma har ya juyo baya yana wasa da yara, mota kuma tana kan 120. In na yi magana sai ya ce ni ce ban waye ba, kwamfuta ta fi mutum iya tuƙi, ba ta barci ba ta gajiya, har ya nuna min wani rahoto a wayarsa wai irin motocin nan sun rage hatsari da kusan kashi 90 cikin 100. Ni dai duk tafiyar da za mu yi cikina a ɗure yake har mu sauka. Shin da gaske sun fi mutum? In tsoron banza nake ji ka faɗa min in kwantar da hankalina.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tsoronki ba na banza ba ne ko kaɗan, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kafin wani abu ya faru, dan yawanci sai bayan an kwashe mota a gefen hanya ake zuwa ana tambayarmu me ya faru. Rahoton da maigida ya nuna miki akwai shi, kuma in wanda nake zato ne to gaskiya ne. Matsalar ita ce ba a kan motarsa aka yi shi ba. Wata mota ce daban, a wani wuri daban, kuma wannan cakuɗawar da mutane ke yi ita ce abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a wannan aikin, kusan kullum sai na yi wannan gardamar da wani.

Bari in fara ba wa na'ura haƙƙinta dan kar a ce ƙin ta nake. Alƙaluman kashi 80 da 90 ɗin nan na Waymo ne, kamfanin da ya fito daga cikin Google, wanda ke da tasi marasa direba kwata-kwata a birane irin su Finiks da San Faransisko da Los Anjalas a Amurka, motocin lantarki ne ƙirar Jaguar. A 2025 an buga nazarin tafiyar mil miliyan 56.7 da suka yi ba kowa a kujerar direba, aka gwada da tuƙin mutane a waɗannan biranen, sai aka ga hatsarin da ke jawo mummunan rauni ya ragu da kashi 85 cikin 100, buge mai tafiya a ƙafa har ya ji ciwo ya ragu da kashi 92, karo a mararraba mai jawo rauni kuwa da kashi 96. Ma'aikatan kamfanin ne suka rubuta nazarin, wannan a sani, amma masana na waje sun tace shi kafin a buga. Wanda ya fi gamsar da ni ma shi ne wanda kamfanin inshora na Swiss Re ya yi tare da Waymo a ƙarshen 2024, dan mai inshora kuɗinsa yake lissafawa, ba ruwansa da talla. A mil miliyan 25.3 sun samu neman diyyar ɓarnar dukiya guda 9 da na rauni guda 2 kacal, wato ƙasa da na mutane da kashi 88 da kuma kashi 92. To kin ga in aka tambaye ni shin akwai motar da ta fi matsakaicin direba kiyaye rai, zan ce eh akwai, a waɗannan titunan. Kuma dalilin a fili yake, ba ta shan ƙwaya, ba ta ƙure maleji dan ta makara, ba ta fushi dan wani ya sha gabanta, kuma tana kallon gaba da baya da gefe a lokaci guda, abin da wuyan ɗan Adam ba zai taɓa iyawa ba.

Amma ki dubi abin da aka tara mata kafin ta kai haka. Kyamara 29 a jikin mota ɗaya, rada 6, da na'urar lesa mai auna nisa da ake kira lida guda 5, ita ce wannan abar da ke juyawa a saman rufin. An zana mata taswirar kowane titi da za ta bi dalla-dalla, har tsayin dakalin gefen hanya da inda kowace danja take rataye, kuma ba ta fita daga iyakar da aka shata mata. Kullum tana komawa gareji ma'aikata su goge idanunta su duba ta. In ta rikice tana da mutane a ofis da take tambaya su ba ta shawara. Kuma wannan nazarin na titunan cikin gari ne, inda gudu ba ya da yawa, a garuruwan da ba su san dusar ƙanƙara ba. Duk da haka a 2024 sai da suka gyara manhajar motoci 672 bayan ɗaya ta daki turken wuta a Finiks, a 2025 kuma sama da 1,200 saboda suna karo da sarƙa da ƙyauren shiga. Wani kamfanin mai suna Cruise kuwa, a Oktoban 2023 wani direba mutum ya buge wata mata ya cilla ta gaban motarsu, motar ta taka birki ta tsaya a kanta, sannan da yake ba ta gane akwai mutum a ƙarƙashinta ba sai ta sake tashi wai za ta gyara fakin a gefe, ta ja matar kusan mita 6 a kan kwalta. Direban da ya fi kowa sakaci ba zai yi haka ba, dan zai ji ihu ya fito ya leƙa. Hukumar Kalifoniya ta ƙwace musu lasisi a watan, kamfanin motoci na GM da ya mallake su kuma ya daina zuba musu kuɗi a ƙarshen 2024.

Sannan maganar mutuwa ita lissafinta daban ne. Muna yawan zagin direbobi amma ɗan Adam ya iya tuƙi fiye da yadda ake zato, a Amurka sai an yi tafiyar kusan mil miliyan 100 ake samun mutuwar mutum ɗaya da ɗan ɗoriya. Shi ya sa cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta lissafa tun 2016 cewa sai mota mai tuƙa kanta ta yi mil miliyan 275 ba ta kashe kowa ba kafin a iya cewa da tabbaci ta kamo mutum a wannan fannin. Wani nazari na wata jami'a a Filorida a 2024 kuma, da ya gwada hatsarin irin motocin nan 2,100 da na mutane sama da 35,000, ya ga na'ura ta fi mutum a yawancin yanayi amma da asuba da almuru, lokacin da haske ke canzawa, yiwuwar hatsarinta ya ninka na mutum fiye da sau 5, wajen shan kwana kuma kusan sau 2.

Batun lantarki kuwa ki ajiye shi gefe, batir ba shi ke tuƙi ba. Mutane na haɗa su ne kawai dan yawancin motocin da ke da wannan fasahar na lantarki ne. Abin da lantarkin ya ƙara shi ne nauyi saboda batir, da fizga nan take da an taɓa totur, da shiru wanda ke sa mutum bai san ya kai 120 ba sai ya kalli allo.

Yanzu mu zo kan motar maigida, wadda ita ce ainihin maganar. Ban ga motar ba amma zan faɗa miki ba tare da shakka ba cewa a matakan da ake auna iya tuƙin kai na mota da su, matakin 2 ce, tunda ya saye ta da kuɗinsa yana hawa duk hanyar da ya ga dama. Waccan tasin matakin 4 ce, kuma ba a sayar wa mutum ita ya kai gida. A matakin 2 mota tana riƙe layi, tana riƙe tazara tsakaninta da ta gabanta, wasu har suna canza layi suna shan kwana, amma direba shi ne direba daga tashi har sauka, idonsa a hanya hannunsa a shirye kowace daƙiƙa. Wannan ba ra'ayina ba ne, a rubuce yake cikin littafin motar da ke cikin akwatin gaban kujerarki, kuma galibi wanda ya kunna abin karon farko sai allo ya nuna masa wannan gargaɗin ya danna ya amince. Ko Tesla da ta fi kowa cika baki, abin da take sayarwa da sunan cikakken tuƙa kai sai da ta liƙa masa kalmar da ke nufin ƙarƙashin kulawar direba a 2024. Matakin 3, inda doka ta yarda ka ɗauke ido na ɗan lokaci, motoci ƙalilan ne suka taɓa samu. Honda ta fitar da guda 100 a Japan a 2021, Mercedes ta samu izini a Jamus a ƙarshen shekarar da sharaɗin kar a wuce kilomita 60 a awa cikin cunkoson babbar hanya, daga baya aka ɗaga zuwa 95, kuma ko a nan ba a yarda ka yi barci ba dan mota na iya kiranka ka karɓa cikin daƙiƙa 10. To wanda ke kan 120 yana wasa da yara a baya, a wane mataki yake? Babu motar sayarwa da aka yarda a yi mata haka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yaɗa wannan ƙaryar sun fi mu murya. Dillali yana son ya sayar, sai ya ɗauki mai saye zagaye ya saki sitiyari na minti 2 a kan miƙaƙƙen titi mai sabon fenti ya ce ka gani Alhaji, da kanta take tafiya. Yaro yana neman mabiya a TikTok sai ya koma kujerar baya ya miƙe ƙafa yana ɗaukar bidiyo, mutum dubu ɗari su kalla, babu mai nuna musu bidiyon wanda bai dawo gida ba. Sai kuma 'yan gyaran da ba su san komai a kan abin ba amma sun iya kashe gargaɗi. Akwai wanda ya kawo min motarsa na leƙa na ga gorar ruwa a cuse tsakanin hannayen sitiyari an ɗaure da roba, na ce wannan fa, ya ce ai wani ne ya koya masa, nauyin gorar yana sa mota ta ɗauka hannu ne sai ta daina damunsa da ƙara. Yana faɗa yana murmushi kamar ya yi dabara, ga kujerar jariri a baya. Wallahi ranar sai da na kasa magana na ɗan lokaci. Wannan ƙarar da ya kashe ita kaɗai ce abin da ya rage tsakaninsa da kabari, injiniyoyi sun sa ta ne dan sun san motar ba za ta iya ita kaɗai ba. Har ƙarfen da ake maƙalawa a sitiyari ake sayarwa a intanet dan wannan aikin, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta hana sayar da wani irinsa tun 2018 amma har gobe ana yi, wasu kuma su manna baƙin tef a kyamarar da ke kallon idon direba. Duk mai yi wa mutane wannan aikin ya sani yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya.

Kuma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki, farko yana riƙewa, yanzu ya saki. Haka take yi wa kowa, kuma nan ne haɗarin yake. Da motar tana kuskure kullum da ba wanda zai yarda da ita. Sai ta yi daidai yau, ta yi daidai gobe, wata 5 ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai zuciya ta saki jiki, alhali ita motar ba ta ƙara wayo ba, shi ne ya rage tsaro. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba a halicce ta dan ta zauna tana gadin abin da ba ya motsi ba. Tun 1948 wani masani a Ingila, Norman Mackworth, da ya yi bincike saboda masu gadin allon rada na lokacin yaƙi, ya nuna cewa cikin rabin awa kacal hankalin mai sa ido yake fara zamewa yana kuskure alamu. Google da kansu sun gwada a 2013, suka ba ma'aikatansu motoci masu irin wannan taimakon suka ce ku riƙa kallon hanya, ga kyamara tana ɗaukarku. Da suka duba sai suka ga mai kwalliya, mai latsa waya, har da wanda ya yi barci mota na gudun kusan kilomita 90. Nan take suka dakatar da gwajin suka ce ba za su ƙera motar da za ta raba tuƙi da mutum ba, ko ta ɗauka duka ko ta bari. Ki duba fa, mutanen da suka samar da alƙaluman da maigida ke tinƙaho da su, su ne suka gudu daga irin tsarin da ke cikin motarsa saboda sun ga abin da yake yi wa mutane.

Ni kaina da nake wannan wa'azin ya taɓa kama ni. Ina gwada wata mota a doguwar hanya, na san duk abin da na rubuta miki a nan, amma bayan kamar minti 40 sai na tsinci hannuna na dama a kan cinyata, na hagu kuma yatsa biyu ne kawai a ƙasan sitiyari, idona yana kan allo ina neman rage sanyi. Muka iso inda ake gyaran hanya an karkatar da layi, tsohon fentin bai gama gogewa ba, sai na ji sitiyari ya ja a hankali yana bin tsohon layin, wanda ya nufi jerin durom ɗin da aka tare hanya da su. Ba ƙara, ba gargaɗi, dan a wajen motar daidai take tafiya. Na fizgo, durom na farko ya wuce dab da madubi. Da waya ce a hannuna da yanzu wani ne ke amsa miki wannan tambayar.

Mu yi lissafin da kowa zai iya. Kilomita 120 a awa, mita 33 ke nan a kowace daƙiƙa. Mutumin da ya juya baya yana wasa da yaro, kafin ya ji ƙara, ya juyo, ya gane me ke gabansa, ya kai hannu sitiyari ƙafa ta sami birki, ko mai zafin nama ne ya ci daƙiƙa 3, wato mita 100, tsawon filin ƙwallo, kuma a nan ne birkin zai fara aiki, tsayawar kanta tana buƙatar wasu mita 60 ko fiye a kan busasshiyar kwalta. A Maris ɗin 2025 a lardin Anhui na ƙasar Sin wata motar lantarki ƙirar Xiaomi tana kan 116 da daddare da taimakon tuƙi a kunne ta iso inda ake gyaran hanya, ta yi gargaɗi, direba ta karɓa cikin daƙiƙa ɗaya, amma tsakanin gargaɗin da dukan shingen kankare bai wuce daƙiƙa 4 ba bisa bayanan kamfanin da kansa. Mutum 3 suka rasu. Ta karɓa fa, amma an miƙo mata ne lokacin da ba sauran abin yi.

Kuma abin da ya fi ba mutane mamaki, inda irin motocin nan suka fi rauni shi ne abin da yaro ɗan shekara 5 zai gani, wato abu a tsaye cik a kan hanya. Dalili kuwa, a babban gudu rada tana samun amsa daga gada da allon hanya da ƙarfen gefe, duk a tsaye suke, in mota ta taka birki kan kowanne ba za a yi tafiya ba, sai aka koya mata ta yi watsi da yawancin abin da ba ya motsi. To ranar da abin da ba ya motsin ya zama tirela da ta lalace fa? A 2021 hukumar Amurka ta buɗe bincike kan Tesla saboda motocinta suna ta afka wa motocin kashe gobara da na 'yan sanda da ke tsaye a hanya da fitilunsu a kunne. A Mayun 2016 a Filorida wata tirela mai farin jiki ta gitta hanya, wata motar Tesla ba ta bambance farin jikin da hasken sama ba, ta shige ƙarƙashi a kan kusan 119 ba tare da an taɓa birki ba, kuma masu bincike sun gano cikin minti 37 da abin ke kunne daƙiƙa 25 kawai hannun marigayin ya yi a sitiyari. A Maris ɗin 2018 a Kalifoniya wata ta bi tsakanin layuka biyu inda hanya ta rabu, ta ƙara gudu ta daki shingen tsakiya, mai motar injiniyan kwamfuta ne, ya ma taɓa yi wa iyalinsa ƙorafin cewa motar na jan sa wajen wannan shingen, amma ranar wasan gem ne a buɗe a wayarsa. Waɗannan ba jahilai ba ne, mutane ne masu ilimi da suka yarda da motarsu kamar yadda maigida ya yarda da tasa.

Hukumomi ma ba zan wanke su ba, dan jan ƙafarsu ya taimaka wajen kai mu nan. An bar kamfanoni suna raɗa wa mataimakin direba sunaye masu sa mutum ya ɗauka matuƙi ne, ƙasan shafi kuma da ƙananan haruffa a ce alhakin yana kanka. Daga mutuwar 2016 sai Disambar 2023 aka sa Tesla ta gyara motoci kusan miliyan 2 dan ƙara tsananta sa ido kan direba, shekara 7 ana rubuce-rubuce ana zaman taro, a 2024 kuma hukumar ta fito ta ce ta samu aƙalla haɗurra 13 da aka rasa rai waɗanda sakacin direba da ya kamata a ce an hango shi ya taka rawa a ciki. Ƙasar Sin sai da waɗancan mutum 3 suka mutu sannan a Afrilun 2025 ta hana amfani da kalmomi irin su tuƙa kai a tallar mota. Cibiyar da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyi ta gwada irin tsarin nan guda 14 a 2024 dan ganin yadda suke tsare direba daga shagala, ɗaya tak ya samu makin da za a ce ba laifi, 11 suka faɗi warwas, kuma a shekarar ta ce ba ta ga wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa riƙe layi da riƙe gudu na matakin 2 yana rage hatsari ba. In kuma maigida ya kawo miki alƙaluman da kamfani ke fitarwa cewa da abin a kunne ana daɗewa ba a yi karo ba, ki tuna ana kunna shi ne galibi a babbar hanya, inda dama can hatsari a kowane kilomita ya fi ƙaranci, cikin sababbin motoci, sai a gwada da tuƙin kowa da kowa har da tsofaffin motoci a cikin gari.

In abu ya faru kuma wa ake kamawa? A Maris ɗin 2018 motar gwajin tuƙa kai ta kamfanin tasi na Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da daddare a Arizona. Na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karo amma ta yi ta canza ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke ne, yanzu ta ce wani abu ne daban, har lokaci ya ƙure. Ma'aikaciyar da aka zaunar dan ta sa ido tana kallon waya. Masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi, ita aka kai kotu, a 2023 ta amsa laifi aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa ido. Wanda ke kujerar direba shi ke ɗauka, a gaban alƙali da kuma cikin zuciyarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Ban ce a sayar da motar ba, mota ce mai kyau in an yi amfani da ita yadda aka ƙera ta. Birkin gaggawa mai kama kansa da ke cikinta, bincike ya nuna yana rage dukan mota ta baya da kusan rabi, wannan babbar ni'ima ce kar a kashe shi. Mutum mai ido a hanya ga na'ura tana tsaye a bayansa, wannan haɗin ya fi mutum shi kaɗai. Da ya saki hannu ya ɗauki waya kuwa ya zubar da nasa rabin ya bar wa na'urar da aka ƙera dan rabin aiki ta yi duka.

Yanzu bari in yi magana da maigida kai tsaye, dan na san za ki nuna masa. Yallaɓai, na san ba mugunta ba ce, ka ga abu yana aiki ka yarda da shi, kuma duk mai son fasaha zai ji daɗin abin. Amma ba a haɗa gudu da susar katara. Matar nan da yaran nan amana ce a hannunka, ba su suka danna maɓallin ba, ba su suka amince da gargaɗin da allo ya nuna ba, kai ne, kuma kai za a tambaya. Haka mai babur da ke gefen hanya da direban da motarsa ta mutu ya tsaya yana jiran taimako, ba wanda ya nemi izininsu kafin a yi gwaji da rayukansu. Kar ka ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne ba ya wucewa, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma sakin sitiyari a kan 120 sakin raƙumi ne da gangan. Matarka da ta ji tsoro ta fi ka fahimtar motar nan, ka gode mata.

Ke kuma 'yar uwa, kar ki tayar da maganar a cikin mota yana tuƙi, gardama a kan hanya wani haɗarin ne. Ki bari sai kuna gida hankali a kwance, ki ɗauko littafin motar, ku buɗe sashen taimakon tuƙi ki ce ya karanta miki gargaɗin da ke wurin da bakinsa, zai ga jerin wuraren da kamfanin da kansa ya ce abin na iya kasawa, ruwan sama, hazo, rana tana dukan kyamara, gogaggen fenti, wurin gyaran hanya, kwana mai tsanani, abin da ke tsaye a hanya. Ki leƙa sitiyari da saman madubi ko bayan sitiyari inda kyamarar ciki take, in akwai wani abu da aka maƙala ko aka manna a cire shi yau. In za ku yi tafiya wayarsa ta dawo hannunki, ke za ki amsa kira ki duba taswira ki kula da yara. Ya ƙara tazarar da motar ke bari tsakaninta da ta gaba zuwa mafi nisa, ya riƙa goge kyamarorin kafin a tashi, ya kashe abin da ya hango wurin gyaran hanya ko hadari ya haɗo ko magariba ta kawo kai, kuma duk awa 2 a tsaya a miƙe ƙafa ko da yana jin bai gaji ba. In duk an yi wannan ya ce shi dai sai ya saki, to ki samu wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, kafin nan kuma ke da yara kar ku sake hawa babbar hanya a motar sai hannunsa ya koma kan sitiyari.